Buhunan Maƙwabta Sun Hana Ƙanwata Bursu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tallafin Ɗalibai na jami'ar nan mai zaman kanta da ke unguwar Zariya, Maradi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne daga Jiratawa. Lakwal, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, karatuna a bakin titi na ƙarasa shi, amma sanarwarku na karanta ta tsaf. Kun ce wanda ya kai dosiye, wato takardun nema, da wuri, tun kafin jarrabawar bak ta gama sakandare, shi za a fara dubawa wajen bursu, wato tallafin karatu na marasa hali. Ƙanwata Mariyama ta gaskata ku. Ni na kai ta a babur. Amma an hana ta, ga kuma yadda aka yi.

Na farko. Da yake ta riga kowa, sai mai bincikenku ya zo gidanmu lokacin girbin noman rani. Gidanmu a bakin hanya yake, nan mota ke tsayawa, saboda haka duk unguwa a zaurenmu ake ajiye albasa da tattasai kafin a ɗauka. Mutuminku ya ga buhuna har rufi, ya rubuta cewa muna da hali. Haba! Kowane buhu da alamar mai shi a jiki. Bai duba ba, bai tambaya ba.

Na biyu. Ya tambayi mahaifinmu yaya gida, tsoho ya ce alhamdu lillahi, har ya sa aka yanka masa zabuwa. To me zai ce? Ku nuna mini dattijon da zai zauna gaban baƙo yana lissafa talaucinsa. Mutuminku ya ci zabuwarmu, ya koma ya mai da ita shaida a kanmu.

Sannan waɗanda suka makara, a tsakiyar damina aka je gidajensu, lokacin da rumbun kowa ya bushe, kuma su aka ba. Ban ce ba su cancanta ba. Amma da Mariyama ta yi lalaci ta jira, da an tarar da zaurenmu fayau, da tuni an ba ta. Wato saurinta ne laifinta?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ta sa hannu a takardarku cewa ba za ta nemi wata makarantar ba. Yanzu ko'ina an rufe. Ta ci bak, ga ta can tana tsinkar zogale a gonar mutane. In an buɗe aji ba ta biya kuɗin makaranta ba, gurbinta a wajenku ya tafi.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka sake turo mutum yanzu, kafin a buɗe aji. Maƙwabta a shirye suke su faɗi nasu buhunan. Kuma ku daina auna talaucin manomi ranar girbi. In man mota ne matsala, ni zan ɗauko shi a babur kyauta. Sai dai wannan karon babu zabuwa, waccan ce ta ƙarshe.

Allah ya ba ka ikon adalci, ya raya maka naka ƴaƴan.

Wassalam.
Sanusi, yayan Mariyama, Jiratawa.