Mijina ya ji abin da yayansa ya faɗa a bakin gadonsa

Inna Hamsatu, ki agaza mini da shawara. Allah ya ba ni farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, amma ya zo da wata damuwa.

Mijina Bala direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya. A bazarar nan, bayan sojoji sun karɓi mulki, aka sa shi cikin masu kai hatsi ƙauyukan da fari ya cinye wa gonaki. A hanyar dawowa, kusa da Tondibia, taya ta fashe, motar ta kife, kansa ya bugu. Da ya fita daga dogon suma a asibiti, ido kawai ya buɗe. Ba ya kallon kowa, ba ya motsi, ta hanci ake zura masa kunu. Ni kuwa kullum ina gefensa, in goge masa jiki, in juya shi, in ba shi labarin yara da na shinkafarmu ta Saga. Sauran masu jinya suna yi mini kallon wadda ta zautu.

Wata rana yayansa, Alhaji Isaka, mai shago a kasuwar Katako, ya tsaya a kansa ya ce Bala ya riga ya tafi, gangar jiki ce ta rage, a mayar da shi gida a jira lokaci. Na ce ba inda za a kai shi. Muka yi cacar baki har dangi suka ce na raina babba.

Sai wata lokotoro, wato likita, Madam Asma'u, wadda ta yi karatu a Beljik, ta manna masa wayoyi a ka, na'ura tana zana layuka. Ta zaunar da ni ta ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta yin shiru ko yana kwance ba ya yin komai, sassanta suna ta aika wa juna saƙo. A can inda ta yi karatu akwai babbar na'ura mai nuna haka, kuma sun lura cewa majinyacin da saƙon nan bai yanke masa ba ya fi kusa da sanin abin da ke kewaye da shi. Ta ce tata na'urar ƙarama ce, ba za ta yi mini alkawari ba, amma abin da ta gani bai yi kama da na wanda ya tafi ba.

Inna, da damina ta kankama, ina yanke masa farce sai na ga idonsa ya bi hannuna. Na ɗauka gizo idona ke yi mini, na kai hannun dama, ya bi, na kai hagu, ya bi. Daga baya ya matse mini yatsa. Yau Bala yana gida, yana zama da kansa, yana cin tuwo da cokali, ya kira sunan ɗiyarmu Hawa. Unguwa duka ta zo ta gani.

To, ashe yana ji. Ba komai ya riƙe ba, amma ya riƙe maganar yayansa. Duk ranar da Alhaji ya shigo, sai Bala ya juya fuska ga bango. Yanzu Alhaji yana zuwa kowace Juma'a, ya zauna a zaure, ya tashi bai ga ƙaninsa ba. Surukata tana kuka tana roƙona in sa baki. Ni kuma ba zan ɓoye miki ba, wani sashe na zuciyata yana jin daɗin abin. Me zan yi?

Ɗiyarki daga Saga

Ɗiyata, barka, barka da arziki. Kin tsaya lokacin da kowa ya sare, kuma ba mai ƙwace miki wannan. Daɗin da kike ji ba abin mamaki ba ne, an ce kin zautu, ga shi gaskiyarki ta fito. Amma ya isa haka.

Ki duba ta wajen Alhaji. Akwai majinyata da yawa da suke buɗe ido irin na mijinki, a yi musu duk abin da kika yi, ba su dawo ba. Ita kanta lokotoron ba ta yi miki alkawari ba. Alhaji ya yi kuskure da ya yi maganar a kan marar lafiya, amma mutumin da ba ya son ƙaninsa ba zai riƙa zama a zaure kowace Juma'a ba.

Shi ma Bala yana da gaskiyarsa. Ya ji an sallama shi alhali ba shi da bakin cewa yana nan. Kada ki ce masa ya manta, kada kuma a taru a kansa da wa'azi. Ki fara da Alhaji: ki gaya masa ainihin abin da ƙaninsa ya ji, don ya nemi gafara a kan wannan maganar, ba kewaye-kewaye. Ki tambayi lokotoro ko jikin Bala zai ɗauki zaman, sannan ki nemi izininsa. In ya ƙi, ki ƙyale shi, ki sake tambaya bayan kwana biyu. In ya yarda, ki ba Alhaji aikin yi, kamar riƙe shi lokacin koyon tafiya, ke kuma ki samu ki huta.

Allah ya ƙara wa Bala lafiya, ya daidaita shi da ɗan'uwansa, ya saka miki da alheri, ya kuma ba mu damina mai albarka.

Inna Hamsatu