Dawar Gona da Dawan Daji

Abuja, 4 ga Nuwamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya kaka, ya ƙafar Inna? Na aiko takarda ta hannun direba ne don ina tsoron waya.

Ofishinmu na tsaro ya ɗauko manhajar wani kamfanin ƙasar waje, tana tace saƙonnin mutane, ni kuma ina duba Hausar. Jiya na ga sunanka, Mijinyawa na Masanawa, cikin waɗanda ake zargi da ta'addanci. Ka tura wa Baffa Dalhatu a Mainika cewa: "Mun shiga dawa tun safe, mun yanke kawuna sun fi dubu, turo mota." Manhajar kuwa ta ɗauka daji kuka shiga. Na yi dariya, sannan na yi kuka.

'Yarka,
Zinnira

Masanawa, 9 ga Nuwamba

Ke 'yar nan,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Innarki tana gaishe ki. Ashe injin Turawa bai san tuwo ba? Ni da ko kaza sai na kira maƙwabci ya yanka mini! Kada ki ce komai, ki riƙe aikinki. Shekara nawa kika yi kina nemansa. Mai gaskiya ba ya tsoron bincike. Allah ya yi miki albarka.

Babanki

Abuja, 20 ga Nuwamba

Baba,

Bayan gaisuwa, ka yafe mini, ban ji maganarka ba. Na miƙe a taro na bayyana musu dawar gona da dawan daji, aka cire sunanka. Sai na tambaya ko an goge shi a can ƙasar masu manhajar. Babu wanda ya sani, Baba. Na ce in sirrin talakawanmu yana hannun baƙi, tsaron wa muke yi? An ce na zauna gida sai an neme ni. Ban yi nadama ba, kunyarka kawai nake ji.

'Yarka,
Zinnira

Masanawa, 25 ga Nuwamba

Sallama da gaisuwa.

Kin san ke 'yar fari ce, shekara talatin ban taɓa kiran sunanki ba. Kin tsare mini nawa a gaban manya, ni ma yau zan ajiye kunya, tunda babu injin da ke karanta takarda.

Zinnira, taho gida. An sussuke dawar, Innarki ta ɗora tuwo.

Babanki