Ƙasar Ɗakin Inna

Birnin Zariya,
10 ga Afrilu, 1988.

Zuwa ga Yaya Asama'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yaya, ƙanenki fa ya zama babba! An ɗora mini koyar da adana ƙasa da ruwa, da safe ɗalibaina na sakandare, bayan la'asar kuma magidanta a ajin yaƙi da jahilci. Faranti biyu nake cikawa da ƙasa, ɗaya da ciyawa a kai, ɗaya babu, in tsiyaya musu ruwan buta. Ruwan mai ciyawa ya fito garau, na ɗayan ya fito ja kamar kunu. Dattawa har da riƙe ciki, wai Aƙilu ya je makarantar Kongo ya koyo wasan ƙasa.

Na gama yaɓen gida kafin ruwa ya sauka. Bahago mai jakuna, wanda shi ma yana ajina, ya kawo mangala arba'in na jar ƙasar nan ta hanyar Kufena. Ya so ya sauya mini da ta wani wuri, na ce atafau, tun zamanin Baba da ita muke yaɓe, ita ke kama bango. Ɗakin marigayiya Inna ya yi sumul, yana jiran saukarki.

Naki,
Aƙilu

7 ga Agusta, 1988.

Yaya Asama'u,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Don Allah ki zauna kafin ki karanta wannan.

Jiya na kwashi ɗalibai da magidanta mu je su ga kwazazzabo da idonsu. Abin da na koya musu shi ne a bi shi daga ƙasa har inda ya faro, don a can ake maganinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya, ya shiga maƙabartar da Inna take. Ya cinye kabari biyu, sai da dattawa suka tattara abin da ya rage suka sake rufewa. Na auna da ƙafata, taku huɗu ne tsakanin bakin ramin da kabarin Inna.

Muka bi shi sama ina ta faɗa, ina cewa duk wanda ya jawo wannan sai Allah ya tambaye shi. Da muka kai inda ya faro, sai ga ramin haƙar ƙasa, ja wur, an ƙwaƙule ciyawar gefensa kaf, ga kashin jakuna ko'ina. Na tambaya wa ke haƙa a nan. Kowa ya juya yana kallon Bahago. Bawan Allah ya sunkuyar da kai, ya ce shi ne, kuma yau shekara da shekaru gida ɗaya tak ne ya nace sai wannan ƙasar. Bai ambaci gidan ba. Ba sai ya ambata ba, kowa ya sha ganin jakunansa a ƙofarmu.

Wallahi sai na zauna daɓas a gaban ɗalibaina. Ni da farantaina da butata! Wata huɗu ina koya wa mutane, ban taɓa tambayar daga wane rami ƙasar gidana ke fitowa ba. Ashe duk shekara gyara ɗakin Inna nake ina tone makwancinta.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Aƙilu

28 ga Agusta, 1988.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Takardarki ta iso, na ga inda hawayenki ya ɓata tawada. Kafin ta iso an yi ruwa sau biyu, taku huɗun ya koma uku.

Dole a cike ramin a toshe kan kwazazzabon, amma duk inda muka haƙo ƙasa wani ramin muka buɗe. Na rasa yadda zan yi. Sai na tuna inda ƙasar take.

Yaya, ki yafe mini, ban jira izininki ba. Na rushe ɗakin Inna. Da hannuna na fara sa masa diga, ina kuka kamar yaro, maƙwabta suna leƙe suna cewa Malam ya taɓu. Kwana shida jakunan Bahago suna mayar da ƙasar inda suka ɗauko ta, har da duwatsun harsashi. Dattawan da ke yi mini dariya su suka jera duwatsun, ɗalibai suka dasa jema, ciyawar nan mai doguwar saiwa, layi layi a kai.

Gadon Inna da tasoshinta suna ɗakin matata Ramatu, can za ki sauka in kin zo. Tsakar gida ta yi fili, har yanzu na kasa kallon wajen.

Jiya aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yau da sassafe na tafi maƙabarta, na yi wa Inna addu'a, sannan na auna. Na sake aunawa, Yaya. Har yanzu taku uku ne.

Wassalam, ƙanenki mai neman gafararki,
Aƙilu