Ɗigon Man Keke

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Injin ya iso. Malam Labaran ne ya kawo shi daga Kano da kansa, a kwali. Shi abokin marigayi maigidana ne, tare suka yi kasuwar katako, yanzu kuma shi ke sayo wa kafintocin Wudil kayan aiki. Sunan injin rauta. 'Yata Hussaina ce ta faɗa mini, na sa ta maimaita kafin in rubuta.

Na leƙa ta labulen soro. Hannu biyu gare shi, da ƙafafun ƙarfe biyu masu sheƙi. In an danna sai ya nutsa, haƙorin ya shiga katako, in an saki ya taso da kansa. Da aka tada janareta aka kunna shi, kajina suka watse, ni kuma na zauna a dokin ƙofa. Wani inji ne ya cinye wa mahaifin yarana yatsu uku. Ni na yi wata biyu ina ba shi tuwo a baki.

Mai injin bai san na leƙa ba. Haka zan riƙa kiransa a nan. Ɗana ne na fari, shekara ashirin da bakwai ban taɓa kama sunansa ba, kuma alƙalami ma baki ne.

Litinin, 6 ga Mayu

An ba shi aikin ƙofar sabon masallacin Dagumawa. Ganye biyu, katakon maɗaci, da zanen layuka da rautar za ta fafe. Suna so kafin Babbar Sallah. Mutanen garin ne suka kawo katakon a kura.

Ba ni ya gaya wa ba. Ya tsaya tsakar gida yana gaya wa Hussaina da ƙarfi, ni ina ɗaki ina taka keke. Haka muke hira ni da shi. Ya ce ya gaji da gyaran benci da ƙafar kujera. In wannan aikin bai fito da shi ba, zai bi abokinsa Saifuddeen Fatakwal. Hussaina ta ce, "Yaya, kai da ko Gaya ka je sai ka dawo cin tuwon Inna?" Bai yi dariya ba.

Na karya allura.

Laraba, 8 ga Mayu

Ba zan iya ce masa ka kula da hannunka ba. Bakina bai saba ba. Amma na san abu ɗaya a kan ƙarfe: kekena shekara goma sha tara yana aiki don ban taɓa barinsa da ƙishi ba. Marigayi ma cewa ya yi injin da ya cije shi bushewa ya yi.

Da ya fita shan shayi da safe na shiga soro da kwalbar man keke. Na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa a ciki. Na ɗiga a ƙafafun biyu, na ɗiga a bakin da ke riƙe haƙorin, sau uku. Na goge abin da ya zubo da gefen zane na mayar da kwalin yadda yake.

Yau na ci abinci sosai.

Juma'a, 10 ga Mayu

Injin ya fara cijewa. In ya danna sai ya tsaya a rabi, sai ya sa ƙarfi, sai kuma ya faɗa gaba ɗaya. Na ji yana tsaki. Da aka tafi masallaci na duba, ƙafafun sun yi baƙi, dusar katako ta manne kamar ƙullu. Na ce man ne bai isa ba. Na ƙara.

Litinin, 13 ga Mayu

Layi ɗaya a ganyen dama ya lalace. Ya fara daidai, yana tafiya yana ƙara zurfi, har ya kusa huda katakon. Ya ce haƙorin ne ke zamowa ƙasa da kansa, alhali ya ɗaure notin da sufana har hannunsa ya yi ja. Ya ga maiƙo a jiki, ya ce wa Hussaina wai man kamfani ne ke tsatsowa, alamar tsohon inji aka yi wa fenti.

Bai ci tuwo ba. Na aika masa da kunu, ya dawo da shi yadda yake.

Talata, 14 ga Mayu

Na ƙara tofi. Na ƙara mai.

Alhamis, 16 ga Mayu

Rubutun nan duk ya karkace. Malama Bilkisu ta ajin manya ta ce mana in abu ya tsaya a ƙirji mu sauke shi a takarda.

Da hantsi haƙorin ya fita. Na ji ƙara kamar an jefi kwano, sai injin ya yi shiru. Ban san lokacin da na isa soro ba, ko mayafi babu. Mai injin yana tsaye, jini na bin gefen fuskarsa. Haƙorin ya yanke shi a saman gira ya wuce ya kafe a bango. Faɗin yatsa ɗaya tsakaninsa da ido.

Na tsaya. Hannuna ya tashi da kansa, sai na mayar da shi. Na ce, "Hussaina, kawo ruwa da tsumma." Ita ta wanke masa. Ɗinki uku aka yi masa.

Juma'a, 17 ga Mayu

Malam Labaran ya zo duba shi bayan an sauko daga masallaci. Ina jin su daga bayan labule. Ko gaisuwa ba su gama ba yaron nan ya ce, "Baba Labaran, in wani ne ya sayar mini da jabu ba zan ji ciwo ba." Dattijon ya miƙe. Sannan ya ce, "Ni na yi wa ubanka wanka, Allah Ya sani." Ya sa takalmansa ya fita. Ruwan da na aika bai sha ba.

Da la'asar Hussaina ta ɗauko takardar da ta zo cikin kwalin, ta Turanci, tana karantawa tana mayar masa da Hausa. Ina tankaɗe. Ta ce an rubuta bakin da ke riƙe haƙori a bar shi a bushe, kada mai ya taɓa shi, in ya taɓa haƙorin zai zame. Ƙafafun ma gogewa kawai ake yi, mai yana kama ƙura. Ya ce, "To ni na taɓa sa masa mai? Wa ke shiga soron nan?"

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Ba wanda ya waiwayo.

Asabar, 18 ga Mayu

Na ɗauki takardar na duba da kaina. Ban iya Turanci ba, amma akwai hoton kwalbar mai an ja mata layi biyu a giciye. Ko wadda ba ta je ajin manya ba ta gane wannan.

Faɗin yatsa ɗaya.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ya sauko da jakarsa daga saman sif ya kakkaɓe. Ya ce wa Hussaina gobe zai je Dagumawa ya ba su haƙuri su nemi wani.

In na yi shiru zai tafi, kuma Malam Labaran zai mutu da sunan maƙaryaci a bakin ɗan abokinsa. In na faɗa, da wane ido? Na yi tunanin in aiki Hussaina. Na yi tunanin in rubuta in sa a kwalin. Har na yage takarda.

Litinin, 20 ga Mayu

Na tare shi a soro yana ɗaura igiyar takalmi. Na ajiye kwalbar man a kan kwalin. Na ce, "Ni ce."

Ya dubi kwalbar, ya dube ni. Rabon da mu haɗa ido haka na manta. Idon mahaifinsa ne sak, ban sani ba sai yau.

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun Larabar farko. Kullum in ka fita."

"Don me?"

Na ce don kada ya cije ka. Iyakar abin da ya fito ke nan. Ya taɓa ɗinkin girarsa, ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa na motsi. Ban san ko dariya ce ko ɗayan ba, ban kuma tambaya ba. Can ya ce, "Da tofi kika haɗa?" Na ce da tofi. Ya ce, "To tofin ki ci gaba. Man a bar wa keke."

Na ce kafin Dagumawa akwai gidan da zai fara zuwa. Ya ce ya sani.

Laraba, 22 ga Mayu

Tare suka dawo da Malam Labaran jiya. Sun kwance bakin injin sun wanke da fetur, sun shanya a rana. Dattijon ya shafa layin da ya lalace da babban yatsa ya ce, "Ubanka in rami ɗaya ya zarce ba ya jefar da katako. Sauran yake kaiwa inda wancan ya kai." Za su zurfafa layin gefe a ganye biyun duka, ya zama kamar da gangan.

Da zai tafi ya ɗaga murya ta labule: "Indo, a rage wa ƙarfe gata." Na ce Allah Ya huci zuciyarka, Malam. Wannan karon ya sha ruwan.

Talata, 28 ga Mayu

Kwana shida haƙorin bai motsa ba. Har yanzu in ya kunna gabana na faɗuwa. Amma na lura in injin yana tafiya daidai kukansa siriri ne, in katako ya yi masa yawa sai ya yi kauri. Ɗazu ya yi kauri, kafin in farga na ce daga ɗaki, "A rage dannawa." Ya ce, "To, Inna." Hussaina ta dube ni. Na ce mene ne, ban ce ki tsince shinkafa ba?

Juma'a, 14 ga Yuni

An kafa ƙofar jiya. Na bi Hussaina Dagumawa da sunan gaida ƙanwata. Mun tsaya daga nesa, ƙarƙashin darbejiya. Layin gefen ya fi sauran zurfi, inuwa na kwanciya a cikinsa. Na ji wani tsoho yana cewa nan ne ma kyan aikin.

Jakar ta koma saman sif, ban ga lokacin da aka mayar ba. Tabon yana nan, zai zauna.

Wata mata a gindin bishiyar ta tambaye ni ko na san kafintan. Na ce ɗan unguwarmu ne.

Ja'afar ne ya yi ta. Ba wanda zai karanta littafin nan.