Ramukan zanar ajinmu

Alhamis da dare, Tanout

Yau ma Rabi ta ce cikinta na ciwo. Cikin nan nata ya san jadawali, ranar wasan motsa jiki kaɗai yake tashi. Na ja ta gefe, ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta ce, "Madam, maza suna leƙe in muna sa wando. Inna ta ce in aka ci gaba haka, in zauna gida."

Na zagaya na duba. Ajinmu na zana ne, awaki sun ci gindinsa, samarin kuma sun ƙarasa aikin da yatsa, daidai tsayin idonsu. Nan muke tura ƴan mata su tuɓe, mu muna fili muna busa usur.

Na roƙi darakta aron ofishinsa, shi ne kaɗai ɗaki mai bango da ƙofa. Ya yi dariya. "Haba Madam, yara ne fa. Me gare su na ɓoyewa?" Wai kuma babur ɗinsa na ciki, rana tana ɓata masa kujera. Ashe babur ya fi su buƙatar sutura.

Ƙarshe ni da abokiyar aikina Madam Zainabu muka ware babban mayafi, muka riƙe kusurwoyinsa, yaran suka shiga bi da bi. Rabi ta yi gudu har tana dariya. Kafaɗuna har yanzu ciwo suke.

Alhamis mai zuwa Zainabu tana Zinder wajen awo. Mayafin yana da kusurwa huɗu, ni kuwa hannu biyu gare ni.