Ayun Tsibiri

Tsibiri, 12 ga Disamba, 1999

Yaya Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti Firdausi da duk mutanen Agege. Mun tsira daga rikicin Ketu da kayan jikinmu kawai. Maigidana Sale ya samu gadin gonar kwakwa a wani tsibiri can bayan Ojo, wurin masunta 'yan Egun. Mu kaɗai ne Hausawa. Wata tsohuwa, Mama Senami, ta ba mu ɗaki ba ta tambaye mu ko sisi ba. Kwalekwale ɗaya ne ke fita, Litinin da Alhamis, shi zai riƙa kai maka wasiƙa Mile 2.

Ƙaguwa har cikin tukunya suke shiga, birai sun sace min garin kwaki sau biyu. Amma Yaya, na ga ayu da idona! Uwa ce da ɗanta, kullum da hantsi suna zuwa cin ciyawa inda muke wanki. 'Yata Mubina har magana take yi musu. Mutanen nan ba sa taɓa su, sun ce ayu ne ya taɓa turo kakansu gaɓa da jirginsa ya kife. Na fara yin barci.

Ƙanwarka, Habiba

Agege, 3 ga Janairu, 2000

Habiba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na gode wa Allah da kuka tsira. Kin san sana'ata maganin gargajiya ce, kin kuma san yadda alhazai ke neman man ayu ido rufe. Kwalba ɗaya ta isa ta mayar wa Sale rumfar tumatirinsa da aka ƙone. Na aika masa saƙo, ya amince. Gambo, wani Basarke mai farautar ayu daga Yawuri, zai zo ranar Alhamis a matsayin baƙonku. Naman ruwa halal ne, camfinsu bai shafe mu ba. Ki ba shi abinci, ki kama bakinki.

Yayanki, Zulkifilu

Tsibiri, 10 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Gambo ya iso, da zagonsa, mashin da yake farauta da shi, naɗe cikin tabarma. Mama Senami ta kalli tabarmar ta kalle ni, ta tambaya da Yarbanci wane irin baƙo ne ke yini a bakin ruwa yana leƙen ciyawa. Na ce ɗan'uwa ne.

Kai kana Agege, ko'ina ka juya akwai motar danfo. Mu ruwa ne ta kowane gefe, kwalekwalen ma nasu ne. Idan jini ya taso a wurin wankin nan, ina zan bi da yara uku? Na ga abin da maƙwabta ke yi wa maƙwabta a Ketu, ba zan iya sake gani ba. Samari sun daina amsa gaisuwar Sale. Na roƙe shi har da kuka, ya ce ya gaji da gadin kwakwa kamar biri. Don girman Allah ka kira Gambo ya koma. Ina jin tsoro, Yaya.

Habiba

Tsibiri, 17 ga Janairu

Yaya,

Gaisuwa. Ba ka amsa ba. Ranar Asabar na ga Gambo yana wasa zago, sai na tafi na faɗa wa Mama Senami komai. Samari suka taso wa Gambo, dattawa suka tare su da ƙyar. Sun karɓe zagon, sun sa Gambo a kwalekwalen yau. Sale kuwa suka ce ya zauna idan ya rantse ba zai taɓa ayun ba. Ya ce matar da ta tona masa asiri gaban arna ta gama da shi, ya bi Gambo. Ni da yara an ce ɗakin namu ne. Ba wanda aka taɓa. Ka ba Sale haƙuri, ka ce ina jiransa.

Ƙanwarka, Habiba

Agege, 24 ga Janairu

Habiba,

Bayan gaisuwa. Sale ya iso lafiya, yana wurina. Na ba shi haƙurin, bai karɓa ba. Takardar sakin da ke naɗe cikin wannan daga hannunsa take. Ni da Gambo muka yi shaida.

Ki gaida yara.

Zulkifilu