Ɗiyar Ayabar Baba Toma

Besançon, Faransa, 12 ga Nuwamba, 1972

Zuwa ga Febi, uwar Ruth,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da Ruth da Baba kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, karatun jinya yana tafiya daidai.

Ki gaya wa Baba ɗiyar ayabar da ya ciro mini daga lambunsa na bakin tafki ta iso da rai cikin jiƙaƙƙen buhunta. Na dasa ta a tsohon bokiti, na huda ƙasansa, na ajiye ta jikin taga. Ganye biyu ta fitar. Shekara ashirin ina wuce ayaba a lambun nan ban taɓa tambayar yadda ake renonta ba, yanzu ga ni ina koyo inda babu mai koya mini.

Ɗakina yana hawa na huɗu a gidan wata tsohuwa. Gaisuwarta kalma ɗaya ce. A majami'a ana tashi kowa ya kama hanya, ba mai tambayarka iyali. Da safe ayabar nake yi wa ina kwana, don kada bakina ya manta Hausa.

A gaida mutanen Madarumfa duka.

Mijinki,
Habila

Besançon, 21 ga Janairu, 1973

Febi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina da labarin da ba na so ya wuce kunnenki.

Kwana ashirin da uku ba mu ga rana ba. Ran Lahadi sai gari ya waye tas, sama fes kamar ta watan Maris a gida. Na yi abin da kowane ɗan Madarumfa zai yi: na sauko da bokitin zuwa tsakar gida don ayabar ta sha hantsi, kamar yadda muke fito da mai jinya bakin zaure, na tafi sujada. Ban san cewa a nan ranar da sama ta fi haske ita ce ta fi sanyi ba. Ranarsu haske kawai take bayarwa.

Da na dawo, ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar dafaffiyar rama. Tsohuwar ta leƙo ta taga, ta girgiza kai, ta rufe. Mai kula da furannin asibiti ya ce in sare ta, in bar taƙi ɗaya a kan ƙasa, in daina ba ta ruwa sai sanyi ya wuce. Na yi haka. Yanzu da safe kututture nake gaisarwa.

Kada ki gaya wa Baba. Ki shafa mini kan Ruth.

Habila

Besançon, 15 ga Afrilu, 1973

Febi, uwar Ruth,

Ina gaishe ku da wahalar wannan shekara. Wasiƙarki ta zo ran Talata, na karanta ta sau uku.

Na ji rijiyar lambu ta ƙafe, ayabar Baba ta bushe har gindi na ƙarshe. Na kuma ji abin da yake faɗa wa masu zuwa jaje, wai kada su damu, irin bai ɓace ba, yana Faransa wajen Habila, zai dawo da shi in ruwa ya sauka. Kin ce kin sunkuyar da kai kin yi shiru. Ki gafarta mini, ni na ɗora miki wannan shirun.

Ga gaskiyar abin da ke cikin bokitin. Babu ganye, babu tsiro. Saman kututturen ya ruɓe, na kankare shi da wuƙa. Jiya na tona ƙasar da yatsa a hankali har na taɓa gindin, na danna. Bai lotsa ba. Na rufe, na zuba ruwa rabin kofi, na farko tun Janairu.

Na so in jira sai na ga kore kafin in rubuto, amma ban san ko zan gani ba, Baba kuma ya wuce shekarun yi wa mutane alkawari da abin da bai sani ba. Ki karanta masa wasiƙar Janairu, kada ki tsallake komai. In kin gama, ki ce masa gindin yana da tauri. Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran shi ya fi ni sani, ki rubuto mini duk abin da ya ce in yi.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Mijinki,
Habila